Uffa Fox: Maƙerin Jiragen Ruwa Kuma Gwanin Tsere

A wannan fitowa na ɗauko muku tarihin wani Bature da ya yi fice a wasan da ba mu saba da shi ba, wato tseren ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska.

An haifi Uffa Fox a shekarar 1898 a tsibirin Wight da ke kudancin Ingila. Ya yi shekara bakwai yana koyon ƙirar jirgi a wurin kamfanin S. E. Saunders, sannan ya buɗe nasa wurin yana ɗan shekara 21. A zamaninsa ƙananan jiragen tsere sukan keta ruwa ne kamar garma, ruwan kuma yana riƙe su. Shi sai ya rage wa jirginsa nauyi, ya tsuke gabansa, ya shimfiɗa ƙasansa ta baya. Da iska ta yi ƙarfi sai jirgin ya ɗago ya riƙa sulɓi a bisa ruwa. A 1928 ya shiga tsere 57 da irin wannan jirgi mai suna Avenger, ya zo na ɗaya sau 52.

Amma a ganina babban aikinsa shi ne na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Matuƙan jiragen sama da aka harbo sukan faɗa teku, sanyi da yunwa su kashe su kafin agaji ya iso. Fox ya ƙera jirgin ceto wanda ake ɗaurawa a ƙarƙashin jirgin sama, a sako shi da laima kusa da su. A cikinsa akwai inji da abinci da kayan tuƙi, don mutanen su kai kansu gaɓa. An fara ceton rayuka da shi a 1943.

Bayan yaƙi ya fito da Firefly, wanda aka yi tsere da shi a gasar Olamfik ta 1948, da kuma Flying Fifteen, wanda ya riƙa tuƙawa tare da abokinsa Yarima Philip, mijin Sarauniya Elizabeth. Shi ne kuma ya tsara Britannia, kwalekwalen da John Fairfax ya tuƙa da hannu shi kaɗai ya ƙetare Tekun Atilantika a 1969. Fox ya rasu a watan Oktoba na 1972.