Handel: Makaɗin da Ya Tara Jama'a Domin Fursunoni da Marayu

Karanta: 1 Bitrus 4:7-11

Ya mai karatu, in ka taɓa jin mawaƙan ikilisiya suna rera babbar waƙar nan ta Halleluya a lokacin Kirsimati ko Ista, to, ka ji aikin mutumin da za mu dubi rayuwarsa yau. Sunansa George Frideric Handel. An haife shi ran 23 ga Fabrairu, 1685, a garin Halle na ƙasar Jamus. Mahaifinsa wanzami ne mai aikin fiɗa, ya kuwa so ɗansa ya karanta shari'a. Amma zuciyar yaron tana wajen kiɗa. Wani mai kaɗa ogan a majami'ar garin, wai shi Zachow, shi ya koya masa.

A 1703 ya tafi Hambug, ya shiga cikin masu goge a wata babbar ƙungiyar makaɗa, irin wadda Turawa ke kira okestra. Ka san yadda take? Akwai masu goge manya da ƙanana, da masu busa algaita da ƙaho, da mai tambari. Kowa yana duban nasa rabo a takarda, yana kuma kasa kunne ga na kusa da shi. Mutum ɗaya ba ya iya yin irin wannan kiɗa, kome gwanintarsa. Daga nan Handel ya yi shekaru a Italiya, a 1712 kuma ya zauna a Landan.

Shekaru da yawa yana shirya wasannin kwaikwayo na waƙa da harshen Italiya. Sarakuna da attajirai ne ke zuwa, yawancin mutanen gari kuwa ba su jin harshen. A kwana a tashi kasuwar wasannin ta mutu, kuɗi ya yi ta zurarewa. A 1737 ciwo ya kama shi, hannunsa na dama ya shanye na ɗan lokaci. Da ya warke, sai ya ƙara mai da hankali ga labaran Littafi Mai Tsarki, ana rera su da Ingilishi, harshen da kowa a ƙasar yake ji. Ka lura, ƙofa ta fari da ya buɗe wa jama'a ita ce ta harshe.

A 1741 wani abokinsa, Charles Jennens, ya tattara ayoyi daga Ishaya, da Zabura, da Bishara, da wasiƙun Bulus, da Wahayin Yahaya, ya ba shi. Cikin kwana 24 Handel ya sa musu kiɗa. Aikin nan shi ne Messiah, wato Almasihu.

An fara rera shi ran 13 ga Afrilu, 1742, a birnin Dablin na ƙasar Ayalan. Mawaƙan manyan majami'u biyu na birnin suka haɗu da makaɗa. Aka roƙi mata kada su sa tufafin nan masu faɗi da ake yayi, maza kuma su bar takubansu a gida, domin a sami wuri. Ta haka mutum 700 suka shiga ɗakin da ke ɗaukar 600. Wannan ƙaramin abu ne, amma akwai koyarwa a ciki: kowa ya rage adonsa, sai wani ya sami wurin zama. An tara wajen fam 400, aka raba wa asibitoci biyu da masu taimakon fursunoni. A zamanin, wanda ya kasa biyan bashi kurkuku ake kai shi. Da kuɗin nan aka saki mutum 142, suka koma wurin iyalansu.

A Landan kuma akwai wani gida da Thomas Coram ya kafa a 1739 domin jariran da iyayensu mata suka kasa riƙewa. Handel ya ba ɗakin sujadarsu kyautar ogan. A watan Mayu na 1750 ya shugabanci rera Almasihu a can, mutane suka yi yawa har aka mai da waɗansu, dole aka sake yi bayan mako biyu. Daga nan abin ya zama na kowace shekara, ya kawo wa gidan kusan fam 7,000. Bai manta da 'yan'uwansa makaɗa ba. Yana cikin waɗanda suka kafa asusun taimakon makaɗan da tsufa ko ciwo ya kayar a 1738, ya kuma bar musu fam 1,000 a wasiyyarsa.

Idanunsa suka fara dushewa a 1751, daga baya ya makance. Duk da haka ya ci gaba da kaɗa ogan da ka. Ya rasu ran 14 ga Afrilu, 1759, kwana ɗaya kafin Ista.

Amma mu faɗi gaskiya, ɗan'uwana. A kwanakin Handel kuɗin shiga yana da tsada. Matalauta sun ci amfanin kuɗin, amma kaɗan ne daga cikinsu suka ji kiɗan da kunnensu. Waɗanda suka zo bayansa ne suka ƙara buɗe ƙofa. A garuruwan masaƙu na arewacin Ingila aka kafa ƙungiyoyin mawaƙa, kamar ta Huddersfield a 1836, inda ma'aikata ke taruwa bayan aiki suna koyon Almasihu. Aka buga takardun waƙar da araha. Abin da dā na masu hali ne ya shiga bakin masaƙa da 'ya'yansu.

To, kai fa? Wataƙila ba ka da goge ko ogan. Amma a ikilisiyarku akwai ganga, akwai mawaƙa, akwai zumuntar mata. Wa ke tsaye a waje sa'ad da kuke waƙa? Yaron da ke leƙe ta taga, wa zai koya masa kaɗawa? Bikin waƙa na wannan shekara, ba zai iya biyan kuɗin makarantar maraya ɗaya ba, ko kuɗin maganin wata gwauruwa? Nassin yau yana tuna mana cewa baiwa amana ce, an ba ka ita domin hidimar waɗansu. Ka kawo maganar a gaban shugaban mawaƙanku a wannan mako.

Addu'a: Ya Ubangiji, mun gode maka domin baiwar kiɗa da waƙa. Ka nuna mini wanda aka bari a waje, ka ba ni zuciyar da za ta matsa ta ba shi wuri. A cikin sunan Yesu, Amin.