Hans Scherer: Likitan da ya gano hanyoyin da kansar ƙwaƙwalwa ke bi

Likitocin tiyata sun daɗe da sanin cewa ko an cire ƙarin kansar ƙwaƙwalwa mai suna glioma, sau da yawa yakan sake tsirowa. Mutumin da ya fara bayyana dalili dalla-dalla shi ne Hans Joachim Scherer, wani likita Bajamushe da tarihinsa ke cike da ɗaukaka da kuma abin kunya.

An haife shi a 1906 a Bromberg, garin da yanzu ake kira Bydgoszcz a Poland. Yana aiki a asibitin Charité na Berlin lokacin da 'yan sandan asirin Nazi suka tsare shi a 1933. Bayan an sake shi, sai ya tsere zuwa Beljiyom, ya kama aiki a Cibiyar Bunge da ke Antwerp.

A can ya duƙufa kan nazarin ƙwaƙwalwar mamata gaba ɗayanta, maimakon ɗan guntun da ake cirowa wajen tiyata. A 1938 ya wallafa abin da ya gano: ƙwayoyin kansar ba sa zama wuri guda. Suna bin gefen jijiyoyin jini, suna bin zaruruwan da ke kai saƙo, suna kewaye lafiyayyun ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, suna kuma taruwa a ƙarƙashin tantanin da ya lulluɓe ta. Shi ya sa wuƙar likita ba ta iya kai musu duka.

Daga baya masana suka gano cewa akwai sinadaran da ke kiran ƙwayoyin, irin su CXCL12 da jijiyoyin jini ke fitarwa, wanda ƙwayar kansa ke ganewa ta wata kafa mai suna CXCR4. Neman toshe irin wannan kira na cikin binciken da ake yi a yau.

Sai dai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Scherer ya koma Jamus, ya yi aiki a Breslau, inda ya yi nazarin ƙwaƙwalwar yara masu naƙasa fiye da 200 da aka kashe a asibitin Loben ƙarƙashin shirin Nazi.

Ya mutu a Afrilun 1945 a wani ruwan bama-bamai da aka yi wa garin Landshut. Har yanzu littattafan likitanci na kiran waɗannan hanyoyi da sunansa, yayin da masana tarihi ke tunatar da duniya yaran Loben.