Muhammadu al-Katsinawi, Masanin Taurarin da Ya Kwanta a Alkahira

Da masanin tarihin Masar, Abdurrahman al-Jabarti, ya zo jera manyan malaman da suka rasu a shekarar 1154 bayan Hijira, wato 1741, sai ga sunan wani Bakatsine a cikinsu: Muhammad ɗan Muhammad al-Fullani al-Kashnawi. Bai san shi ido da ido ba, domin sai bayan rasuwarsa da shekara goma sha wani abu aka haifi marubucin. Amma a gidan mahaifinsa malamin ya cika, a nan kuma littattafansa suka zauna, shi ya sa labarin da ya bayar ya zama ginshiƙin abin da aka sani game da shi har yau.

Bafulatani ne daga ƙasar Katsina, ya tashi a zamanin da birnin ke cin gajiyar abin da Ɗan Marina da Ɗan Masani suka shuka. Bai tsaya a gida ba. Ya yi karatu a wurin Shehu Muhammadu al-Wali na ƙasar Bagirmi, sannan ya lazimci wani malami da ake kira Muhammadu Bindu, wanda a hannunsa ya karɓi hisabi da ilmin haruffa da na hatimai, da kuma ilmin sanin lokuta.

Wannan na ƙarshen ya cancanci a dakata a kansa, don mai agogo a hannu da waya a aljihu ba zai yi saurin gane nauyinsa ba. A wancan zamani sama ce agogo, ita ce kalanda, ita ce taswira. Ladani da inuwa yake gane azahar da la'asar, da dare kuwa da taurari yake lissafin saura nawa alfijir ya keto. Malami yana bin masaukan wata guda 28 ya gaya wa manomi inda damina ta kai. Madugu ya ɗaga kai ya san gabas. Talaka ma yana da rabonsa, ya san Gamzaki, ya san Zara, ya san Kaza da 'Ya'yanta, wadda Larabawa ke kira Surayya. Duk wannan sani a kan abu ɗaya ya dogara, wato dare mai duhun gaske.

Duhun nan kuwa yana ƙarewa. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen duniya suna zaune ne a ƙarƙashin samar da hasken lantarki ya dusashe, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku ba sa iya ganin farar hanyar taurarin nan da Larabawa ke kira Majarra. Shi ya sa masana falaki ke ta taruka, har da wanda aka yi da hannun Majalisar Ɗinkin Duniya a 2021, kan yadda za a kare duhun dare. Binciken ya sa Cadi, inda Bagirmi take a yau, cikin ƙasashen da samarsu ta fi tsabta. Mu ma ba mu kai ga asarar Turai ba. Wanda ya tsaya a Wusasa, a gindin dutsen Kufena, daren da aka ɗauke wuta, zai ga abin da ya yi kusa da allon da al-Katsinawi ya yi karatu a kai, in dai fitilun sola da janareto sun bar shi.

A 1142, wajen 1730, ya sauke farali. A ƙasar Hijaz ya soma babban littafinsa, al-Durr al-Manzum, ya kammala shi a Alkahira a 1146. Taƙaitawa ce da sharhi ga al-Sirr al-Maktum, littafin taurari da ɗalasimai da ake jingina wa Fakhruddin al-Razi. A nan ne ake sa-in-sa a kansa, kuma bai kamata a ɓoye ba. Malamai da yawa, a da da yanzu, sun raba tsakanin lissafin tafiyar taurari, wanda ibada ke bukata, da neman sanin gaibu ta hanyarsu, wanda suka yi tir da shi. Littafin ya taka ɓangaren na biyu sosai. Masu son wanke shi su mai da shi masanin kimiyya irin na jami'a ba su yi masa adalci ba, haka ma masu ture shi gefe da sunan ɗan duba. Mutumin zamaninsa ne, lokacin da fannonin biyu ke kwana a ɗaki ɗaya daga Katsina har Istanbul.

Inda babu gardama shi ne lissafinsa. A Bahjat al-Afaq, wanda ya gama a 1145, ya bayyana hanyoyin gina hatimi mai gidaje mara, yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya: 15 a hatimi mai gida uku-uku, 65 a mai biyar-biyar. Ƙa'idoji ne da ɗalibi zai bi ya gina na kowane girma, ko ya yarda da sirrin da ake danganta musu ko bai yarda ba. Ya kuma yi rubutu kan manɗiƙi da nahawu.

A Alkahira ya sami masauki a wurin Shehu Hasan al-Jabarti, malamin Azhar wanda kakanninsa suka fito daga yankin Zaila a gabashin Afirka, shi ma gwani ne a falaki da ƙera agogon rana. Shehu Hasan ya ɗauki ilmin hatimai daga baƙon nasa. Da ajali ya matso, al-Katsinawi ya naɗa shi wasiyyi a kan dukiyarsa da littattafansa. Shi ya binne shi a maƙabartar Bustan al-Mujawirin, ya gina masa kabari, ya rubuta shekarar rasuwarsa a jiki.

Daga baya an buga al-Durr al-Manzum a Alkahira. Masu karatun Ingilishi kuwa da yawansu sun fara jin sunansa ne a 1973, lokacin da Ba'amurkiya Claudia Zaslavsky ta kawo hatimansa a littafinta kan lissafin Afirka, bisa wani kwafin hannu da ke ajiye a Landan.