John Steinbeck

John Ernst Steinbeck (27 ga Fabrairu 1902 – 20 ga Disamba 1968) marubucin ƙagaggun labarai ne ɗan ƙasar Amurka. Ya samu kyautar Nobel ta adabi a shekarar 1962.

Farkon rayuwa

An haife shi a garin Salinas da ke jihar Kalifoniya. Ya tashi a cocin Episcopal, inda ya saba da Littafi Mai Tsarki tun yana yaro. Ya shiga Jami'ar Stanford amma bai kammala ba, ya kuma yi ƙwadago a gonaki tare da 'yan ci-rani.

Rubuce-rubuce

Fitaccen littafinsa shi ne The Grapes of Wrath (1939), labarin iyalin Joad, manoman Oklahoma da fari ya ci amfanin gonarsu, banki kuma ya kore su. Masana na kwatanta ƙaurarsu da ta Isra'ilawa a Littafin Fitowa: Kalifoniya ce ƙasar alkawari, sai dai yunwa da wulaƙanci suka tarar a can. Jim Casy, tsohon mai wa'azin da ya bi su, haruffan farkon sunansa daidai suke da na Yesu Almasihu a Turanci, kuma an kashe shi yana jagorantar yajin aiki. A ƙarshen labarin an saki gawar jariri cikin akwati a ruwa, abin da ke tuna labarin Musa.

Manyan masu gonaki sun fusata, har gundumar Kern ta haramta littafin, amma ya ci kyautar Pulitzer a 1940. Littafinsa East of Eden (1952) kuwa ya ginu ne kan labarin Kayinu da Habila.

Mutuwa

Ya rasu a birnin New York sakamakon ciwon zuciya.