Tom Jobim: Makaɗin da ya koya wa duniya sauraron murya ƙasa-ƙasa

Ma'aikacin da ke sammako daga Suleja zuwa ofis a Abuja ƙila bai san sunan Antonio Carlos Jobim ba, amma da wuya a ce kiɗansa bai taɓa ratsa kunnensa ba, ko a zauren otal ko a cikin wani tsohon fim. Shi ne jigon bossa nova, salon kiɗan Brazil mai sanyi.

An haife shi ranar 25 ga Janairu, 1927, a birnin Rio de Janeiro, ya tashi a unguwar Ipanema da ke bakin teku. Mahaifinsa ya rasu tun yana yaro. Ya fara karatun zanen gine-gine, sai ya ajiye, ya koma kaɗa piyano da dare a gidajen rawa don neman na haya.

Ƙofa ta buɗe masa a 1956, lokacin da Vinicius de Moraes, mawaƙi kuma jami'in diflomasiyya, ya neme shi ya tsara kiɗan wani wasan kwaikwayo nasa. Bayan shekara biyu, João Gilberto ya rera waƙarsu mai suna Chega de Saudade, wadda jigonta bege ne. Daga nan ake ƙirga haihuwar bossa nova.

Tushen salon shi ne samba, kiɗan da jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka suka raya. Samba na titi ne, na ganguna da taro. Gilberto ya ɗauke bugun gangunan ya mayar kan jita guda, ya sassauta murya kamar mai raɗa. Jobim kuwa ya shimfiɗa masa haɗin sautuka masu zurfi, irin waɗanda ya koya daga Debussy da Villa-Lobos. Kiɗan rawa ya zama kiɗan natsuwa.

Mazauna Suleja, garin da ya ba sabon babban birnin Najeriya sunansa na Abuja, za su gane wani babi na rayuwarsa. A 1960, shekarar da Brazil ta mayar da fadar mulki Brasilia, Shugaba Juscelino Kubitschek ya ɗora wa Jobim da Vinicius aikin tsara wa birnin kiɗa. Suka je suka zauna a gidan katakon da shugaban ke sauka, suka fito da Sinfonia da Alvorada, wadda ta keɓe babi ga leburorin da suka zo daga nesa don ginin.

Amurka ta karɓe shi bayan wasan Carnegie Hall na 1962. Faifan Getz/Gilberto, mai ɗauke da waƙar yarinyar Ipanema, ya lashe kyautar Grammy ta faifan shekara a 1965, sannan a 1967 ya yi faifai da Frank Sinatra. Ɗaukakar ta zo da zafinta: a gida wasu masu sharhi sun zarge shi da narkar da samba cikin jazz don faranta wa baƙi. Bai sauya hanya ba, sai ma ya ƙara karkata ga waƙe tsuntsaye da dazuzzukan ƙasarsa.

Ya rasu a New York ranar 8 ga Disamba, 1994, yana da shekara 67. A yau babban filin jirgin saman Rio sunansa yake ɗauke da shi.