Josephine Butler, Matar Da Ta Tsaya Domin 'Yan Mata

A wannan wata muna so mu ba masu karatunmu labarin wata mace ta ƙasar Ingila wadda ta yi fama har aka sake dokar ƙasarta. Sunanta Josephine Butler. An haife ta a shekara ta 1828 a Northumberland, can arewacin Ingila. Ubanta, John Grey, yana cikin masu ƙin bauta, a gidansa kuwa ta koyi ƙin zalunci. A 1852 ta auri George Butler, malamin makaranta, ma'aikacin ekklesiya kuma.

A 1864 babban baƙin ciki ya same su, gama 'yarsu ƙarama, Eva, ta faɗo daga bene ta mutu. Da suka koma birnin Liverpool a 1866, sai ta shiga neman waɗanda wahalarsu ta fi tata. Ta riƙa zuwa gidan da hukuma ta ke tara matalauta, tana zama tare da matan da kowa ya ƙi. Har ta kawo waɗansu marasa lafiya gidanta, ta yi jiyyarsu.

Ta haka ta ga yadda doka ta ke tara. A waɗansu garuruwan soja, ɗan sanda yana da iko ya kama macen da ya ke zato karuwa ce, a kai ta likita ya duba ta tilas. In ta ƙi, sai kurkuku. Amma namiji, ba mai taɓa shi. A 1869 ta shugabanci jam'iyyar mata masu ƙin wannan doka, ta bi gari gari tana magana. A Pontefract, a 1872, magabta suka barbaɗa barkono a ɗakin taronta, suka sa wa ciyawa wuta domin hayaƙi ya kore ta. Duk da haka ba ta fasa ba. A 1886 aka soke dokar.

Akwai wata doka kuma da ta dame ta. Kafin 1875, yarinya mai shekara 12 doka tana karɓar yardarta kamar ta babbar mace. Daga 1875 aka mai da shi 13. Wato mutum ya lalata yarinya, ya ce ta yarda, ya tafi abinsa. 'Ya'yan talakawa ne su ka fi shan wannan wuya. A 1885 ta taimaki wani editan jarida a London, W. T. Stead, wanda ya sa aka sayo yarinya mai shekara 13 a kan fam 5, domin ya nuna wa jama'a ana irin wannan ciniki. Shi kansa ya sha ɗaurin wata 3 saboda hanyar da ya bi, amma labarin ya ta da ƙasa duka. A watan Agusta na 1885 Majalisa ta mai da shekarun 16. Ta kuma sa hukunci a kan mai jawo mace ga lalata ta wurin tsoratarwa, ko ruɗi, ko maganin sa maye.

Ta rasu ran 30 ga Disamba, 1906. Mace ce mai yawan addu'a, amma ba ta tsaya ga addu'a kaɗai ba. Mu ma, sa'ad da aka ci zarafin yarinya a cikinmu, kada mu rufe maganar domin kunya, kada kuwa mu ɗora mata laifin. Yardar da aka samu ta wurin tsoro ko ƙuruciya ba yarda ba ce.