Teslim Balogun da kakar 1953 da Kano ta raba Legas da Kofin Gwamna

Duk mai bibiyar ƙwallon ƙafa a Najeriya ya san filin wasa na Teslim Balogun da ke unguwar Surulere a Legas, inda aka sha buga wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale. Sai dai kaɗan ne daga matasan yau suka san mutumin da aka sa wa filin sunansa, balle alaƙar tarihinsa da Arewa.

Balogun ɗan wasan gaba ne da ake yi wa laƙabi da Thunder, wato aradu, saboda ƙarfin bugunsa. Sau bakwai yana buga wasan ƙarshe na babban kofin ƙasar nan, ya ɗaga shi sau biyar. A ganiyar tashensa ne kuma kofin ya bar Legas a karon farko, ya nufi Kano.

Zamanin da ƙwallo ke tafiya da aikin albashi

Sunansa na yanka Taslim, wanda Yarabawa kan furta Tesilimi. Ya yi karatu a Fatakwal, a makarantar St. Mary ta Katolika, sannan ya fara taka leda a Legas da wata ƙungiya mai suna Apapa Bombers.

A wancan lokacin babu ɗan wasan da ƙwallo ce kaɗai sana'arsa. Manyan ƙungiyoyin Legas na ma'aikatu ne da kamfanoni: Marine ta ma'aikatar jiragen ruwa, Railway ta hukumar jiragen ƙasa, sai ta 'yan sanda da ta kamfanin UAC. Idan wata ma'aikata na son ɗan wasa, aiki take ba shi, ya yi wuni a ofis ko a shago, da yamma ya fita atisaye. Wannan ne ya sa jerin ƙungiyoyin da Balogun ya buga wa ya yi kama da jerin wuraren aiki: Marine, UAC, Railway, Jos, Pan Bank, Dynamos da SCOA.

Gasar da waɗannan ƙungiyoyi ke rububi a kai ita ce ta Kofin Gwamna, wanda Gwamna Sir Arthur Richards ya bayar a 1945. Gasa ce ta sili-ɗaya-ƙwale, duk wadda aka ci ta koma gida sai baɗi. Marine ce ta fara lashe shi bayan ta doke Corinthians da ci 1-0. Da yake babu gasar rukuni ta ƙasa baki ɗaya a lokacin, wannan kofi ne kaɗai ma'aunin sanin gwani tsakanin garuruwa, kuma a filin Onikan da ke tsibirin Legas ake buga wasan ƙarshe.

Tafiya Ingila ba takalmi

A 1949 aka haɗa tawagar 'yan wasa 18 daga sassan Najeriya, aka tura su Ingila a jirgin ruwa mai suna Apapa. Etim Henshaw ne kyaftin, cikinsu har da Dan Anyiam da Titus Okere da John Dankaro da mai tsaron raga Sam Ibiam. Balogun na cikin 'yan gaba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin Turawa shi ne yawancinsu ba sa sa takalmi, sai dai su naɗe ƙafa da bandeji. A wasansu na farko, kusa da birnin Liverpool, sun lallasa ƙungiyar Marine ta Crosby da ci 5-2. Wasa tara suka buga a wannan rangadi, suka ci biyu, suka yi canjaras biyu, aka ci su biyar.

A hanyarsu ta dawowa suka yada zango a Freetown, inda suka doke Saliyo da ci 2-0 a ranar 8 ga Oktoban 1949. Wannan ne ake ƙirgawa a matsayin wasan farko da Najeriya ta buga da wata ƙasa. Daga nan Balogun ya shafe shekara 12 yana cikin tawagar ƙasa.

Jos, sannan ƙwallo uku a wasan ƙarshe

Bayan dawowarsa ya yi abin da ba kasafai taurarin Legas ke yi ba, ya taso Arewa ya koma Jos, garin da haƙar kuza ta tara mutane daga ko'ina. A 1951 ƙungiyar Jos ta kai wasan ƙarshe, ta haɗu da Railway, tsohuwar ƙungiyarsa. Railway ta yi nasara da ci 3-2. Daga wannan shekara ƙungiyoyin Jos suka yi ta zuwa wasan ƙarshe suna dawowa hannu rabbana, har sai 1999 da Plateau United ta karya wannan ƙofi.

Shekara guda bayan haka ya koma Legas, ya shiga ƙungiyar Pan Bank. A wasan ƙarshe na 1952 suka yi wa Warri ruwan ƙwallaye, 6-1, uku daga ciki Balogun ne ya zura. Shi ne ɗan wasa na farko da ya ci uku rigis a wasan ƙarshe na wannan kofi.

Zuwa wannan lokaci an buga gasar sau takwas, kuma duka takwas ɗin ƙungiyoyin Legas ne suka lashe: Railway sau huɗu, Marine sau biyu, UAC da Pan Bank sau ɗai-ɗai. Fatakwal da Warri da Jos duk sun gwada, sun kasa.

Kakar 1953

Bayan Pan Bank, Balogun ya koma wata ƙungiyar Legas mai suna Dynamos. Ita ce ta kai wasan ƙarshe a 1953, abokiyar karawarta kuwa Kano ce.

Kano ta wancan zamani gari ne mai fuska biyu. A cikin ganuwa akwai tsoffin unguwanni irin su Madabo, wadda ta shahara tun ɗaruruwan shekaru da zaurukan karatun fiƙihu, inda hankalin matashi ya fi karkata ga allo da littafi. A wajen ganuwa kuma akwai Fagge da Sabon Gari da tashar jirgin ƙasa da kantunan kamfanonin da ke sayen gyaɗa. Tun da layin dogo ya iso Kano a 1911, ta wannan ɓangare ne da makarantun boko ƙwallon ƙafa ta fi samun wurin zama.

Kamar sauran garuruwan da ke wajen Legas, Kano kan shiga gasar ne da sunan gari, a tsamo gwanaye daga ƙananan ƙungiyoyi a haɗa tawaga ɗaya. Zuwa wasan ƙarshe na nufin tafiyar fiye da kilomita 1,000, sannan a buga a gaban 'yan kallon da yawancinsu mutanen Legas ne.

Shekarar kuma ba ta zo wa ƙasar da sauƙi ba. A ranar 31 ga Maris, Anthony Enahoro ya gabatar da ƙudirin neman mulkin kai a 1956 a majalisar wakilai da ke Legas. Wakilan Arewa ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello suka ƙi amincewa da a ƙayyade shekara, kuma aka yi musu ihu a titunan Legas. A watan Mayu, zuwan tawagar jam'iyyar Action Group da Samuel Akintola ke jagoranta ya haifar da tarzomar kwana huɗu a Kano, wadda alƙaluman hukuma suka nuna ta ci rayuka 36. Har maganar ballewar Arewa sai da aka yi a wannan shekara.

A cikin wannan shekara ce tawagar Kano ta shiga filin Onikan ta doke Dynamos da ci 2-1. Ita ce ƙungiya ta farko daga wajen Legas da ta lashe kofin, kuma ta farko daga Arewa.

Nasarar ta buɗe wa sauran garuruwa ƙofa. Kalaba ta ɗauke shi a 1954, bayan ta doke Kano da ta sake zuwa wasan ƙarshe. Fatakwal ta lashe a 1955, Zariya ta kai wasan ƙarshe a 1957, Ibadan kuma ta ɗauka a 1959. Ba da jimawa ba aka daina kiransa Kofin Gwamna, ya koma Kofin FA, daga 1960 kuma ya zama Kofin Ƙalubale. Gasar da aka fara a matsayin ta 'yan Legas ta zama ta ƙasa baki ɗaya, a daidai lokacin da 'yan siyasa ke jayayya kan ko ƙasar za ta ci gaba da zama ɗaya.

Komawa Ingila

A watan Agustan 1955 Balogun ya koma Ingila, ya sa hannu da Peterborough United, wadda a lokacin ba ta shiga manyan rukunonin gasar ƙasar ba. Abokinsa Titus Okere ya riga shi zuwa, inda ya shiga Swindon Town.

Daga Peterborough ya ɗan taɓa wasa a Skegness Town, sannan Queens Park Rangers ta birnin Landan ta ɗauke shi. A kakar 1956 zuwa 1957, lokacin tana rukuni na uku, ya buga mata wasa 13 na gasar rukuni, ya ci ƙwallo uku. Ya ƙarasa zamansa a can da ƙaramar ƙungiyar Holbeach United.

Wanda ya auna waɗannan alƙaluma da na Nwankwo Kanu ko Jay-Jay Okocha zai ga ba su da yawa. To amma a shekarun 1950 'yan Afirka da ke wasa a Ingila ba su taka kara sun karya ba, kuma Balogun ya je can ne bayan ya riga ya ci rabin ƙarfinsa a filayen gida. Babban abin da ya dawo da shi shi ne ilimin horar da 'yan wasa, har ana lissafa shi a matsayin ɗan Afirka na farko da ya samu takardar shaidar zama ƙwararren koci.

Baba Ball

Bayan ya dawo gida ya duƙufa wajen koyarwa, musamman a yankin Yamma. Yakan zaga makarantu yana nuna wa yara yadda ake tare ƙwallo da yadda ake bugu, har suka raɗa masa suna Baba Ball.

A 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, Najeriya ta je gasar ƙwallon ƙafa ta Olamfik a karon farko, a ƙasar Meziko, kuma Balogun na cikin masu horar da tawagar. Japan ta ci su 3-1, Sifaniya ta ci su 3-0. A wasa na uku suka zura wa Brazil uku kafin a tafi hutun rabin lokaci, daga baya Brazil ta farke, aka tashi 3-3.

Shahararsa ta kai har mutane suka riƙa ƙirƙira masa almara. Akwai labarin da ake ba yara cewa ya taɓa buga ƙwallo da ƙafar hagu ta huda cikin mai tsaron raga. Wasu kuma kan saka sunansa a tatsuniyar wasan da wai Indiya ta ci Najeriya 99-1. Babu ɗaya daga ciki da ya faru, amma sun nuna irin kwarjinin da bugunsa ya bari a zukatan waɗanda suka gan shi.

Allah Ya yi masa rasuwa yana barci a ranar 30 ga Yulin 1972, bai kai shekara 50 ba, ya bar 'ya'ya takwas. A wannan shekara ce aka fara gasar rukuni ta ƙasa, kuma Mighty Jets ta Jos, garin da ya taɓa buga wa, ita ce ta fara lashe ta. Ke nan duk tsawon wasansa a gida, kofin sili-ɗaya-ƙwale ne kaɗai fagen da ɗan wasa zai nuna kansa ga Najeriya gaba ɗaya.

Jiran shekara 66

Kano kuwa ta daɗe ba ta sake ganin kofin ba. Raccah Rovers ta kai wasan ƙarshe a 1977, Shooting Stars ta Ibadan ta hana ta. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta je a 1991, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta doke ta da ci 3-2.

Wanda ya fi yi wa magoya bayan Sai Masu Gida ciwo shi ne na 2018 a Asaba. Pillars ta zura uku ba ko ɗaya, Enugu Rangers ta farke duka, sannan ta yi nasara a bugun fenareti. Sai a watan Yulin 2019, a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna, Pillars ta doke Niger Tornadoes da 4-3 a bugun fenareti bayan an tashi babu ci. Shekara 66 ke nan tun nasarar 1953.

Filin da ke ɗauke da sunan Balogun an buɗe shi ne a 2007, daura da babban filin wasa na ƙasa da ke Surulere. A 2009 ya karɓi wasannin gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17, kamar yadda filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya karɓa.

A yau yaran da ke buga ƙwallo a lungunan Madabo da sauran unguwannin cikin birni sun fi sanin sunan Ahmed Musa da Rabiu Ali. Tarihin da suka gada ya faro ne tun 1953, shekarar da wata tawaga daga garinsu ta je har Legas, a zamanin da Thunder Balogun ke tashe, ta dawo da kofin da babu wanda ya taɓa fitar da shi daga can.